Yadda Na Gyara Murhun Kawu

Ko da zan manta da komai na zamana a Guangzhou ta ƙasar Sin, ranar sunan ɗan Kawu Sani dai ba za ta taɓa fita daga kaina ba. Ba wai ina son tunawa da ita ba ne, mutane ne ba sa bari in manta. Har yau in na shiga kasuwar Canaan sai wani ya leƙo daga bayan dilolin kaya ya ce, "Injiniya, ya aiki?" ni kuwa in sunkuyar da kai kamar ina duba saƙo a waya.

Kawu Sani ƙanin mahaifiyata ne. Jakunkuna yake saye a Shiling yana aika wa 'yan kasuwar Kano. Da na gama sakandare aka turo ni wurinsa, wai in koyi yaren ƙasar da harkar kasuwa (gaskiyar magana an gaji da ni ne a gida, Umma ko kukan rabuwa ba ta yi ba). Muna zaune a wani tsohon gini a gefen garin, ƙasa sito, sama gida, ni da shi da matarsa Anti Rabi.

Duk wanda ya ce maka ba a sanyi a Guangzhou, to a otal ya kwana. Sanyin nan jiƙaƙƙe ne. Ba ya tsayawa a fata, ƙashi yake nema. Bango yana gumi, bargo kuwa kamar an ɗebo shi daga igiyar shanya bai gama bushewa ba. Hita mai lantarki ba ta yi mana, domin wayoyin gidan sun tsufa, da ka haɗa ta da butar shayi sai wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Abin da muke da shi kawai wani tsohon murhu ne a falo, wanda mutumin da ya zauna kafin mu ya bari.

Murhun nan baƙin akwati ne na ƙarfe, tsayinsa ya kai ƙuguna, da ƙofar gilashi a gaba. Ba itace yake ci ba, ba gawayi ba. Abincinsa wasu 'yan dunƙulen garin katako ne, ƙanana kamar kashin awaki, ana saye a buhu. Za ka zuba su ta sama, wani ƙarfe mai murɗiya kamar na injin markaɗe ya riƙa tura su ƙasa kaɗan-kaɗan cikin wani ɗan kasko, su kama da wuta. Fanka ɗaya tana hura ɗumi cikin ɗaki, wata kuma tana jan hayaƙi ta fitar da shi ta bututu zuwa baranda. In yana cikin nishaɗi, falon nan sai ka ce Kano a watan Maris. Matsalar ita ce ya daina nishaɗi. Za a kunna shi, ya ci kamar gaske, kowa ya fara sakin jiki, sai ka ji ya yi ɗan kuka, jar fitila ta kama, wuta ta lanƙwashe ta mutu. Ba wanda ya taɓa shi. Shi ne dai ya ga dama.

Da mu kaɗai ne, da mun ƙara riga mun haƙura. To amma Anti Rabi ta haihu, haihuwar fari, kuma mahaifiyarta Hajiya ta zo daga Kano.

Ga yadda abin yake. Bisa al'ada gida ya kamata Anti ta tafi wankan jego. Kawu ya yi ta aika manya ana roƙo har aka yarda ta zauna, Hajiya ta zo ta kula da ita a nan. Hajiya ta yarda ne da rabin zuciya. Ranar da ta sauka, ta shigo falo, ta shafa bango, ta duba tafin hannunta, ta ce a cikin randa aka ajiye mata 'ya. Nan take ta yanke hukunci: in gidan nan bai yi ɗumi ba, da zarar takardun jaririn sun fito za ta kwashi 'yarta da jikanta su koma Kano, sai ranar da ta ga dama su dawo. Ta nemi a kawo mata kaskon garwashi, aka ce mai gidan haya ya hana. Sai ya zama zaman Anti da jaririn gaba ɗaya ya rataya a wuyan wannan baƙin akwati.

Ga kuma wani abu. Kawu irin mutanen da ne wajen kunyar surukai. Ba ya zama inda Hajiya take, ba ya cin abinci a gabanta, ba ya ɗaga ido ya dube ta. Da safe zai durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ya sulale ƙasa sito ya zauna cikin kwalaye da sanyi. Ita ma ba ta kiran sunansa. Saboda haka duk maganar da za ta bi tsakaninsu ta kaina take bi. "Gaya wa kawun naka." "Je ka ce wa Hajiya." Na hau matakalar nan na sauka har ƙafafuna suka fara yi mini kallon banza.

Kawu ya nemi mai gyara. Mai gidan haya ya girgiza kai ya ce "meyo", wato babu. Lokacin hutun sabuwar shekararsu ne, kowa ya tafi ƙauyensu, kuma ko ba hutu ba ma nan kudu ba kowa ya san irin wannan murhu ba. Kawu ya dawo ya zauna a kan kwali, idanunsa sun yi ja don rashin barci, ya yi tagumi. A nan ne bakina ya jawo mini. Na ce ai wannan ƙaramin abu ne, ni zan gyara.

Ya ɗago ya dube ni. "Ka iya?"

"Kawu, injin markaɗe ne da fanka. Me ye a ciki?"

(Abin da na taɓa gyarawa a duniya shi ne tocilan ɗin Umma, shi ma batir na juya.)

Gajiya ce ta sa ya yarda, ba imani ba. Ni kuwa na haye sama na sanar da Hajiya cewa an damƙa aikin a hannun masana. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce Allah Ya sa.

To, a yi mini adalci, na fara da kyau. Na zauna da waya na yi ta kallon bidiyon Turawa masu gemu suna kwance murhu. Abu na farko da na gano shi ne abincin nasa ya jiƙe. An bar buhun a buɗe a sito, danshi ya shiga, 'yan dunƙulen suka kumbura suka zama kamar garin kwaki da aka zuba wa ruwa, suka cushe ƙarfen da ke tura su. Na kwashe su da hannu, na buɗe sabon buhu. Murhu ya kama, ya daɗe yana ci. Na riƙa yawo a falo hannu a aljihu ina jiran a yaba. Kafin la'asar ya yi kukansa ya mutu.

Washegari na ciro ɗan kaskon da wutar ke ci a ciki. Ashe ƙasansa ƙofofi ne ƙanana da iska ke bi, duk toka ta daskare ta toshe su. Na tsokane su ɗaya bayan ɗaya da cokali mai yatsu na Anti (har yau ba ta san inda ya shiga ba). Ya sake kamawa. Ya sake mutuwa. Anti Rabi ta kira ni ɗaki, tana jijjiga jariri, muryarta ƙasa-ƙasa don kada Hajiya ta ji, ta ce don Allah in dage, ita ba ta son shiga jirgi da ɗanyen jariri, kuma ba ta son barin Kawu shi kaɗai. Daga nan abin ya daina zama mini wasa, ko da yake bai sa na ƙara ilimi ba.

Sai na koma gadi. Na zauna a lungu ina kallon murhu kamar mai jiran ɓera. A nan na kama mai laifi na uku, kuma ba kowa ba ce illa Hajiya. Da ta ga wuta ta kama sosai, sai ta jawo kujera, ta buɗe ƙofar gilashin, ta jefa turaren wuta, ta kara zanen jariri a bakin, ta miƙa ƙafafunta. Shi kuwa murhun an yi shi ne da wata na'ura da ke lura da yadda iska ke fita ta bututu. Da an buɗe ƙofa lissafinsa ya rikice, sai ya ɗauka hayaƙi zai cika ɗaki, ya kashe kansa.

Na sauka da gudu na gaya wa Kawu. Ya daɗe yana murza goshi, sannan ya ce in je in roƙe ta, cikin ladabi, a hankali, in nuna kamar shawarata ce ba tasa ba. Na hau na faɗa. Hajiya ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin wutar da ake kullewa a gilashi ana kallo kamar talabijin ba, kuma ɗumin da bai taɓa fatar mutum ba ai ba ɗumi ba ne. Ta ƙara da cewa gidan mai jego ba turare gidan wa ke nan. Na sauko na ce wa Kawu, "Ta ce to." Me zan ce? Mutumin ko abinci ba ya iya ci.

Amma ko da Hajiya tana salla, ƙofa a rufe ruf, murhun bai fasa mutuwa ba. Saura abu ɗaya ke nan a cikin abin da masu gemu suka lissafa: bututun hayaƙi ya cika da toka, iska ba ta wucewa. Na samu wani bidiyo, wani mutum a cikin ƙanƙara ya ɗauko injin hura iska, ya liƙa shi a bakin bututu ta waje, ya kunna, sai ga baƙin hayaƙi ya tashi sama kamar an ƙona taya. Na kalle shi ba murya saboda jariri na barci, kuma na riƙa tsallakewa don in ga wurin hayaƙin, shi ne ya fi daɗi. Irin injin nan akwai shi a siton maƙwabcinmu Malam Isaka, wani dattijo ɗan zangon Kumasi mai aika kaya Gana, da shi yake kakkaɓe ƙurar kwalaye. Na aro na ɓoye a baranda, na ce sai an watse daga suna in yi aikina a natse.

Suna ya faɗo ranar Juma'a. An raɗa da safe, aka sa walima bayan an sauko daga masallaci, domin mutanen Kawu duk a masallacin Huaisheng suke salla, daga can za su cika motoci su taho. Tun asuba Hajiya ke tsaye a kan tanda tana suyar masa, ga shinkafa, ga naman rago. Murhu kuwa ya zaɓi ranar ya nuna halinsa gaba ɗaya. In kunna, ya mutu. In kunna, ya mutu. Hajiya ta wuce ni da faranti ta ce in gaya wa kawun nawa ta fara haɗa kaya a ranta.

Baƙi suka iso, manyan mutane, kowa cikin farar shadda ta Juma'a mai sitaci, irin wadda in mutum ya zauna sai ta yi ƙara. Aka baje a kan darduma, aka jera kwanuka a buɗe, aka yi addu'a. Ana cikin sa hannu murhu ya yi kukan nan nasa. Wani Alhaji ya ja hularsa ya rufe kunne ya ce ashe gidan Sani firji ne. Aka yi dariya. Kawu ma ya yi, irin dariyar da ba ta kai ido ba, sannan ya juyo ya dube ni. Ba harara ba ce, kallon mutumin da ya gaji ne kawai. Na ce a raina aikin nan ai bai fi a sha ruwa ba, me zai sa in jira a watse?

Na zame na fita baranda na ja ƙofa. Injin nan baki biyu gare shi, ɗaya yana zuƙa, ɗaya yana hurawa. Mai gemu na bidiyo bakin zuƙa ya liƙa, don ya jawo tokar waje. Wannan daga baya na sani. Ni dai na ga sunansa injin hura iska, na ɗauki dogon bakin na cusa a bututu, na naɗe shi da salatif ɗin kwali har sai da na tabbata ko numfashi ba zai tsere ba.

Abin da ke faruwa a ciki kuwa, shi ma daga baya aka ba ni labari, kuma kowa da irin nasa ƙarin gishirin. Hajiya ta fito daga ɗaki cikin sabon leshi da mayafi, da turarenta a hannu don ta karrama baƙi. Suka gaisa. Ta ga wuta ta mutu. Ta yi abin da duk wata uwa a Kano za ta yi in ta ga garwashi na shirin mutuwa: ta buɗe ƙofar gilashin, ta durƙusa, ta kai fuskarta bakin kaskon, ta fara hurawa. Kawu yana gani. Ya san ba a buɗewa, ya ga na fita, jikinsa ya ba shi akwai abin da nake ƙullawa. Amma ya zai yi ya ce wa surukarsa ta matsa, a gaban mutane? Sai ya sunkuyar da kai yana kallon farantin masa.

Ita tana hurawa daga ciki da baki, ni na kunna inji daga waje. Ni na yi nasara.

Na tsaya ina kallon sama ina jiran baƙin hayaƙi irin na bidiyo. Shiru. Na ce wataƙila toshewar ta yi tsanani, na murɗa injin zuwa ƙarshensa. Na ji bututun ya yi wani gurnani, sannan ya saki, iska ta wuce sumul. Daɗi ya kama ni. Na kashe, na karkaɗe hannu, na turo ƙofa ina cewa, "Kawu, an gama da—"

Ban ga Kawu ba. Ban ga kowa ba. Falon ya koma kamar cikin buhun gawayi. Tokar shekara da shekaru, tun ta mutumin da ya bar gidan, tana yawo a sama tana sauka a hankali a kan shadda, a kan huluna, a kan shinkafa, a kan masar da aka tashi tun asuba aka soya. Ba ka jin komai sai tari. Da ƙurar ta fara lafawa sai na fara gane mutane ta haƙoransu. Alhajin da ya ce gidan firji ne yana riƙe da tsokar nama a sama, ya kasa kaiwa baki, ya kasa ajiyewa. (Jariri da Anti suna ɗaki ƙofa a rufe, wannan kaɗai ne abin da nake gode wa Allah a kai in na tuna.)

Hajiya tana nan durƙushe a inda take. Ta juyo a hankali. Idanu biyu kawai na gani, sauran duk baƙi ne, har cikin kunne. Turarenta na hannunta. Ranar ce Kawu ya fara duban surukarsa ido cikin ido, kuma ina kyautata zaton bai gane ta ba ne.

Ta dube ni, ta dubi salatif ɗin da ke maƙale a hannuna.

"Ɗan nan, kai ne?"

"Ni ne, Hajiya."

"To sannu da aiki."

Ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Malam Isaka ya cusa fuska cikin hularsa, kafaɗunsa na rawa, ya ce in na gama da injin in mayar masa, kada in gyara masa komai a hanya. Manyan mutane suka yi layi a famfon sito suna wanke fuska da ruwan sanyi, kowa na cewa ba komai, ba komai, Allah Ya raya, suna shiga mota kamar masu dawowa daga kashe gobara. Kawu bai dake ni ba, bai yi faɗa ba. Da mota ta ƙarshe ta tashi ya ce, "Ɗauko tsintsiya." Shi ke nan abin da ya ce da ni har aka kwana biyu.

Mun yi kwanaki muna wanke gidan. Labule, darduma, silin, cikin agogon bango. Ni kaina na yi mako ina fyace baƙi.

Abin haushin shi ne murhun ya gyaru. Bututun ya fita tas, tunda duk abin da ke cikinsa na juye a falo. Muka kunna shi, ya kama, ya ci yini, ya ci kwana, ko tari bai yi ba. Bango ya bushe. Har Anti ta fara fitowa falo da jariri ba hula. Kawu ya ɗan farfaɗo, ya aske gemu, ya kira ni ya ce in je in shaida wa Hajiya cewa gida ya yi ɗumi, a duba lamarin tafiyar nan. Shi kuma ya tsaya a matakala yana saurare.

Hajiya tana ninke kayan jariri. Ba ta ɗago ba, amma ta ɗaga murya yadda har sito za a ji.

"Na ga murhu ya gyaru. Yaron ne bai gyaru ba. Ba zan bar jikana gida ɗaya da mai gyara ba."

Da takardu suka fito suka tafi, su uku. A filin jirgi Anti ta ce in kula da kawuna, in kuma bar firji da injin wanki yadda na gan su. Kawu ya riƙe jaririn har sai da aka kira su, sannan ya miƙa.

Sauran sanyin shekarar mu biyu muka cinye shi a falon nan, ɗumi har da gumi, muna cin taliyar leda a tukunya ɗaya. Kawu ya jingina waya da kofi yana kallon ɗansa ta bidiyo, ana ɗaga masa hannun jaririn wai yana gaishe shi, murhu kuwa na gefe yana ta ci abinsa, lafiya lau, ba mai buɗe masa ƙofa. Wani lokaci Kawu ya dubi wutar, ya dube ni, ya yi ajiyar zuciya, ya ci gaba da cin taliya.

Abin da na koya ba shi da yawa. Bidiyo dai a kalle shi da murya, daga farko har ƙarshe. Sannan kafin ka kunna kowane irin inji a bakin bututu, ka daure ka zagaya ka ga fuskar wa ke ɗaya bakin.